Darasi Daga Halitta: Kunamar Littafi

'Yan'uwa, mai buɗe tsohon littafi wani lokaci ya kan ga wata 'yar halitta ja-ja, shimfiɗaɗɗiya, ta miƙa hannu biyu irin na kunama, tana ja da baya da sauri. Nan da nan sai a murtsuke ta. Amma kama da wane ba ta wane. Bari mu dube ta da kyau tukuna.

Masana suna kiranta Chelifer cancroides. Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ne ya rubuta kamanninta a 1758. Tun kafin haihuwar Almasihu ma Aristotle na ƙasar Girka ya ba da labarin irinta a cikin littattafai. Tsawonta milimita 3 ko 4 ne, kusan ƙwayar riɗi. Ƙafafunta 8 ne kamar na gizo-gizo, ba ta da wutsiya, ba ta da ƙari. 'Yar dafinta a hannu ta ke, ta ƙananan ƙwari ce, ba ta cutar mutum.

Ina ta ke zama? An fi saninta a Turai da Amurka ta Arewa, amma ta bi kayan mutane ta kai yawancin ƙasashen duniya. Ta kan zauna a tsagar katako, da tsakanin tsofaffin takardu, da rumbu, da akurkin kaji, da sheƙar tsuntsu, da amya. Abu biyu ta ke nema: wurin ɓuya mai duhu mai matsi, da abinci. Abincinta kuwa ƙwarin da su ke ɓata littafi ne, da tsutsar asu mai cin tufafi. Sa'anda za ta sake fata, sai ta saƙa ɗan ɗaki da zaren da ya ke fita wajen bakinta, ta shige. Ba ta da fiffike, amma ta kan kama ƙafar ƙuda ya kai ta sabon mazauni.

Danginta sun fi iri 3,000. Waɗansu suna nan ƙasarmu, a ƙarƙashin ɓawon itace da ruɓaɓɓen ganye. Waɗansu kuma, da a ke kira Ellingsenius, cikin amyar zuma su ke zama a Afirka.

Ga abin da za mu koya. Na fari, mai riƙon akwatin littattafan ekklesiya, in ka gan ta kada ka kashe ta, gama mai tsaro ce. Amma ganinta gargaɗi ne cewa maɓarnata sun riga sun shiga, kuma danshi ne ya kan jawo su. Ka fitar da littattafan su sha iska, ka kakkaɓe su, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, musamman da damina.

Na biyu, Allah ya ba kowace halitta wurinta da aikinta. Cikin ekklesiya akwai mai shara da mai gaishe da marasa lafiya, ba a jin sunansu, amma da su gidan ya ke tsaye. Kada mu hukunta ɗan'uwa bisa ga kamanninsa.

A karanta Misalai 30:24-28 da 1 Korintiyawa 12:14-26.

Tambayoyi:
1. Me ya bambanta ta da kunama?
2. Yaushe rabonka da duba akwatin littattafanku?
3. Wane ƙaramin ma'aikaci ne cikin ekklesiyarku ba ku taɓa gode masa ba?