Darasin Juma'a: Kuɗin Makaranta Ba Gado Ba Ne

'Yan uwa, darasin wannan makon ya samo asali ne daga wata hira da aka yi a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i. Wani bawan Allah, ba za mu kama suna ba, ya ce kasuwa ta yi nauyi bana, don haka ya biya wa 'ya'yansa maza biyu kuɗin makaranta, macen kuwa ta zauna gida sai wani zangon. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce ai ko a Alƙur'ani namiji rabon mata biyu gare shi. Mutane da dama suka gyaɗa kai. Shi ya sa muka kai maganar gaban Liman, ga kuma abin da muka ƙaru da shi.

Hukuncin da ya ambata gaskiya ne, yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11. Amma maganar gado ce, wato rabon abin da mamaci ya bari. Kai da kake raye, ci da sutura da magani da karatun 'ya'yanka ciyarwa ce da ta hau kanka, kuma ana yin ta ne gwargwadon buƙatar kowane yaro. In 'yarka ce ba lafiya, rabin magani za ka saya mata don ita mace ce? To haka karatu yake.

Ko kyauta ma akwai magana. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Nu'umanu ɗan Bashir (RA). Mahaifinsa ya yi masa kyauta, mahaifiyarsa Amra 'yar Rawaha ta ce ba ta yarda ba sai Manzon Allah (SAW) ya shaida. Da suka je, Annabi ya tambaya ko sauran 'ya'yan ma an ba su irin haka. Da aka ce a'a, ya ƙi shaidawa, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya, Bashir ya dawo ya karɓe kyautar. Malamai sun yi saɓani kan yadda adalcin zai kasance: Imamu Ahmad yana ganin a bi rabon gado, mafi yawa kuwa suna ganin a daidaita namiji da mace. Amma ba wanda ya ce a ba wani a hana wata gaba ɗaya. Mu da muke bin mazhabar Malikiyya ma, mu tuna ragon suna: a wajen Imamu Malik ɗaya ne ga namiji, ɗaya ga mace. Sai dai mun san halinmu, in namiji ne sai a zagaye kara ana neman ƙaton rago, in mace ce sai a ce wa yaro ya je ya samo ko wanne ne.

Wannan ɓata rai da haihuwar mace, Suratun Nahli (58 zuwa 59) ta zarge shi a matsayin halin jahiliyya, Suratush Shura (49 zuwa 50) kuma ta nuna Allah ne ke ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza. Ga masu yi wa matansu gori ko barazanar kishiya don sun jera mata, likitoci sun tabbatar cewa daga maniyyin uba ake samun abin da ke sa jariri ya zama namiji ko mace. Ba ruwan uwa.

Abin da ya fi damunmu a nan Sabo shi ne lokaci. Da yaro ya kai shekara goma, uba ya ɗauke shi zuwa rumfa a Bodija. Nan zai wuni kusa da shi, ya koyi lissafi da ciniki, ya iya Yarbanci, ya san abokan hulɗa. 'Ya mace ba ta ganin uban sai dare, shi ma a gajiye. Da safe ga farantin talla. A gida Arewa ko ba komai akwai kaka da gwaggo da maƙwabta masu sa ido. Nan kuwa wa ke duba inda ta shiga da farantin nan, da wanda ya kira ta cikin shago?

Kada a ɗauka namijin ya ci riba. Shi fa ba a tambayarsa inda ya je. Ƙarfe goma na dare yana tasha, an ce ai namiji ne. Ba ya wanke kwanon da ya ci abinci, ƙanwarsa ce baiwarsa. Alhali Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Manzon Allah yana taya iyalinsa aikin gida har lokacin salla ya yi. Da yawa daga cikin yaran da kwamiti ke bin sawunsu zuwa ofishin 'yan sanda kan ƙwaya, wannan sakacin ne ya kai su.

Sannan mu duba ranar da iyali ke naƙuda a asibiti, ba Turanci ba Yarbanci. Sau nawa muka ga 'yar firamare ce ke yi wa uwarta tafinta? Kullum muna kukan ba mu da nas ko ungozomar asibiti mai jin Hausa, kuma mu ne ke cire su daga aji huɗu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, ga namiji da mace. In kuɗin makarantar kuɗi ya gagara, ta gwamnati tana nan, a kai su duka can maimakon a zaɓi wanda za a bari a gida.

Wanda matsi ya sa ya ajiye yaro ko yarinya a wannan zangon, ya samu sakatare bayan sallar La'asar daga yau zuwa Laraba. Za a rubuta a asirce, kwamitin zakka zai zauna ranar Alhamis in sha Allah. Mata kuma su ba da sunaye ta hannun malamar Islamiyya. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu kasuwa mai albarka. Amin.