Darasin Wannan Wata: Me Ya Sa Gilashin Mota Yake Gumi?

Darasinmu na wannan wata ya shafi direbobi da yaran mota. Ya kuma shafi duk mai shiga mota. Ko ba ka da taka, ai kana shiga ta haya ran kasuwa. Karanta a hankali. In ka gama, ka karanta wa direban garinku.

Ran Kasuwa da Damina

Ka ɗauka yau kasuwa ce, a cikin watan Agusta. An yi lodi, mota ta cika maƙil. Ana cikin tafiya sai hadari ya taso, ruwa ya goce. Kowa ya rufe tagarsa don kada ya jiƙe. Ba a yi nisa ba sai gilashin gaba ya yi fari, kamar hazo ya sauka a kansa. Waifa tana ta kai da kawowa, amma a banza. Direba ya ɗauko tsumma yana gogewa da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana kan sitiyari.

Duk mun taɓa ganin haka. Da yawanmu mun ɗauke shi ƙaramin abu, alhali babba ne. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. In direba ya yi daƙiƙa 3 yana goge gilashi, ya ci mita 66 ba ya ganin hanya. Wannan ya fi rabin tsawon filin ƙwallo. A cikin wannan tazara akwai rami, ko garken shanu, ko mai keke, ko yaro zai tsallaka titi.

Daga Ina Gumin Yake Fitowa?

Gumin gilashi ruwa ne. Ba daga waje ya shigo ba. Daga jikinmu ya fito.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa, amma ido ba ya ganinsa. Gwada da kanka. Ɗauki madubi ka hura masa iskar bakinka. Za ka ga ya yi dishi-dishi. Wannan ruwan numfashinka ne ya sauka a kansa.

Ga wani misali. In ka sayi ruwan leda mai sanyi, za ka ga bayan ledar ya jiƙe. Ledar ba ta huje ba. Ruwan da yake cikin iska ne ya taɓa sanyi ya zama ɗigo. Haka raɓa take sauka a kan ciyawa da asuba. Haka kuma ruwa yake taruwa a cikin murfin tukunya.

Dalili shi ne, iska mai ɗumi tana riƙe ruwa da yawa. Iska mai sanyi kuwa kaɗan take iya riƙewa. Iskar da zafinta ya kai awo 30 tana riƙe ninki 3 na ruwan da mai awo 10 take riƙewa. Idan iska mai ɗumi ta taɓa abu mai sanyi, sai ta saki ruwan da ya fi ƙarfinta.

To, koma cikin motar kasuwa. Mutane sun cika ta, kowa yana numfashi. Wasu rigunansu sun jiƙe. Akwai jiƙaƙƙun takalma da buhunan ganye. An rufe tagogi, iska ba ta fita. Ruwan sama kuma ya sanyaya gilashi daga waje. Sai iskar ciki ta taɓa gilashi ta saki ruwanta. Shi ya sa waifa ba ta da amfani a nan. Waifa tana waje, gumi yana ciki.

Haka ma yake faruwa da sanyin hunturu. Direban da ya yi sammako a watan Disamba ko Janairu ya san wannan. Ya fi tsanani a wurare masu sanyi, kamar Jos da tsaunin Mambila.

Tsumma Ba Magani Ba Ne

Tsumma yana share gumin da ya riga ya sauka. Ba ya hana wani sauka. Kafin ka ajiye shi, gilashi ya sake rufewa. Bayan haka, tsumman direba ba ya rasa maiƙo da ƙura. Sai ya bar zane-zane a kan gilashi. Da dare, in fitilar wata mota ta haska, zanen nan yana kashe ido. Tafin hannu ma haka yake yi.

Maganin gaskiya abu uku ne. A ɗumama gilashi. A busar da iskar cikin mota. A bar sabuwar iska ta shigo. Masu ƙera mota sun tanadi duka ukun.

Yadda Motar Fetur Take Samun Ɗumi

Injin fetur wuta yake ci. Amma ba duk ƙarfin man ne yake tura mota ba. Wajen kashi 1 cikin 3 ne, ko ƙasa da haka, yake zama tafiya. Sauran zafi ne kawai. Wani yana fita ta salansa. Wani kuma ruwan lagireto ne yake kwashe shi. In inji ya ɗau zafi, ruwan nan yana kai wajen awo 90, ya kusa tafasa.

A bayan allon da yake gaban direba akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye. Tiyo biyu ne suka haɗa shi da inji. Ruwan zafi yana shiga ta ɗaya, ya fita ta ɗaya. Akwai fanka kusa da shi. In ka kunna hita, fanka tana hura iska ta ratsa wannan ɗan lagireto. Sai iskar ta fito da ɗumi.

Ka ga ke nan ɗumin motar fetur kusan kyauta ne. Zafi ne da dama za a zubar. Motar gas ma haka take. Amma akwai sharaɗi ɗaya. Sai inji ya yi zafi tukuna. In ka tayar da mota da asuba, hita ba za ta ba da ɗumi nan take ba. Sai bayan 'yan mintoci.

Na'urar sanyaya mota, wadda direbobi suke kira esi, ita ma tana da aiki a nan. Ba sanyi kaɗai take bayarwa ba. Tana tsotse ruwan da yake cikin iska. Shi ne ruwan da kake gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota in ta tsaya. Ana iya kunna esi da hita tare. Esi ta busar da iska, hita ta ɗumama ta. Wannan shi ya fi saurin share gumi.

Abin da Direba Zai Yi

1. Rage gudu, ka kunna fitila. In ba ka ganin hanya, sauka daga kan kwalta ka tsaya. Kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa.

2. Juya makunnin iska zuwa alamar gilashin gaba. Alamar tana kama da mafici, da kibiyoyi uku masu lanƙwasa.

3. Ƙure fanka.

4. Juya makunnin ɗumi zuwa wajen ja. Ja ɗumi ne, shuɗi sanyi ne.

5. Kunna esi in tana aiki.

6. Duba makunni mai hoton mota da kibiya ta zagaya a cikinta. Kashe shi. In yana kunne, iskar numfashin mutane ce take ta zagayawa a ciki.

7. Kunna makunnin gilashin baya. Layukan nan da kake gani a jikinsa siraran wayoyi ne. Wutar batir tana ɗumama su, gumi ya bushe.

In Motar Ba Ta da Esi Fa?

Yawancin motocin haya na karkara esinsu ta daɗe da mutuwa. Wasu ma makaniki ya toshe tiyon hita, don ana ganin ƙasarmu ta zafi ce. To, akwai dabara. A sauke gilashin taga kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu, ta dama da ta hagu. A bar fanka tana hura gilashin gaba. Iskar waje za ta shigo ta kori ta ciki.

A nan fasinja yana da nasa aiki. In direba ya ce a ɗan buɗe taga, kada mu yi masa gardama. Gara feshin ruwa a kafaɗa da gadon asibiti. Kada kuma mu tara kaya a gindin gilashin gaba. Ta nan iska take fitowa. Hula da takardu da ledar burodi suna toshe ƙofofin.

A riƙa wanke gilashi ta ciki, ba ta waje kaɗai ba. Gumi ya fi kama gilashi mai datti. A ware ƙyalle mai tsabta don gilashi kawai, a yi gugar mota tana tsaye.

Wani lokaci gumin a waje yake. Hakan yana faruwa in esi ta sanyaya gilashi ƙwarai, iskar waje kuma tana da laima. Taɓa gilashin da yatsa. In ciki a bushe yake, kunna waifa, ka rage sanyin esi.

In kuwa gumin yana da maiƙo, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi, ga shimfiɗar ƙafa ta gaba tana jiƙewa, to ɗan lagireton hita ne yake yoyo. A kai mota gareji kafin ruwan inji ya ƙare.

Motar Lantarki

Yanzu akwai motar da ba ta shan fetur. Babban batir gare ta, ana yi masa caji kamar wayar hannu. A ƙasar Norway, a shekarar 2024, kusan 9 cikin kowace mota 10 sababbi da aka sayar na lantarki ne. A Najeriya, a shekarar 2020 aka nuna motar lantarki ƙirar Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas. An kuma fara ganin irin waɗannan motoci suna haya a wasu birane, kamar Maiduguri. Yaron da yake koyon tuƙi yau yana iya riƙe sitiyarinta gobe.

Gilashinta ma yana gumi, don mutanen ciki suna numfashi. Bambancin yana wajen samun ɗumi. Injin lantarki ba ya ƙona komai. Yawancin wutar da ya ci tafiya take zama, zafi kaɗan yake fitarwa. Saboda haka babu ɗumin kyauta. Dole a ɗebo shi daga batir.

Hanya biyu ake bi. Ta farko tana kama da dutsen guga na lantarki. Wuta tana bi ta cikin ƙarfe ya yi zafi, fanka ta hura iska ta kansa. Wannan yana cin batir sosai. Ta biyu tana kama da firij. Ka taɓa bayan firij ka ji ɗumi? Firij yana kwashe zafin ciki ya zubar a waje. To, na'urar motar juya aikin take yi. Tana kwaso ɗan ɗumin da yake cikin iskar waje ta zuba a cikin mota. Wannan ta fi tattalin batir.

Motar lantarki ta fi ta fetur a abu ɗaya. Ba a jiran inji ya yi zafi. Da ka kunna, ɗumi yana tafe, gilashi ya washe da wuri. Amma batir ɗaya ne yake tura mota, shi ne kuma yake ba da ɗumi. Abin da hita ta ci, an rage shi daga tafiya. A ƙasashen da ƙanƙara take sauka, tafiyar caji ɗaya tana raguwa da kashi 1 cikin 5, wani lokaci har fiye. Shi ya sa masu irin motar a can suke ɗumama ta tun tana jone da wuta, kafin su fita.

Sanyin ƙasarmu bai kai haka ba. Share gumin gilashi aikin 'yan mintoci ne, ba ya cin batir mai yawa. Kada direba ya ƙi kunnawa don tattalin caji. Haka mai motar fetur, kada ya ƙi kunna esi don tattalin mai. Ganin hanya ya fi kuɗin man tsada.

Gargaɗi Mai Muhimmanci

Wasu direbobi suna kwana a cikin mota in dare ya yi musu a hanya. In sanyi ya matsa, sai su rufe tagogi su bar inji yana aiki. Wannan ganganci ne. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. In salansa ya huje, tana iya shigowa cikin mota. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, daga nan ba ya farkawa. Garwashin gawayi ma yana fitar da wannan guba. Kada a shigar da kaskon wuta cikin mota, ko cikin ɗakin da aka rufe ruf. In za ka kwana a mota, kashe inji, ka ɗan buɗe taga, ka rufa da bargo. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

Ku amsa waɗannan a cikin littattafanku, ku nuna wa malaminku.

1. Daga ina ruwan da yake rufe gilashin mota yake fitowa?

2. Me ya sa waifa ba ta share gumin ciki?

3. Faɗi abubuwa 3 da suke maganin gumin gilashi.

4. Daga ina motar fetur take samun ɗumi? Ta lantarki fa?

5. Mota tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Mita nawa za ta ci a daƙiƙa 5?

6. Me ya sa bai kamata a kwana a mota inji yana aiki ba?

Aikin gida: in ka je tasha, ka roƙi wani direba ya nuna maka alamar gilashin gaba a motarsa. Ka zana ta a littafinka.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.