Kafur a Tankin Babur: Fulogi Ne Ke Shan Wahalar

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane mai babur ya zama malamin tankinsa. Daga Dutsin-Ma har Kurfi zancen ɗaya ne a bakin 'yan acaba: wai in ka jefa ƙwayar kafur a tanki, ko ka zuba ruwan nan na ƙaramar kwalba da ake talla, lita ɗaya za ta yi maka aikin biyu. Ba a daɗewa sai ka ga babur a gaban bakanike yana tari, da safe ba ya tashi sai da turi, mai shi yana ta la'antar fulogi.

Fulogi bai ci zalin kowa ba. Kwance shi ka duba bakinsa. Inji mai lafiya yana barin sa da launin ƙasa mai haske. In ka gan shi ja-ja kamar tsatsa, to maganin da ka zuba yana ɗauke da sinadarin ƙarfe ko manganis, wanda ake sawa don ƙara wa fetur jure matsi. Ba ya ƙonewa. Yana lafewa a kan farin tangaran na bakin fulogin, idan inji ya yi zafi wutar sai ta bi ta kansa ta zurare maimakon ta yi tsalle a baki. Shi ya sa babur ke tafiya lafiya a cikin gari, amma da ka miƙa hanyar Katsina ka ja wuta sai ya fara yankewa. Kafur kuma hayaƙi ne da shi, baƙar toka yake bari, wanda bai narke ba kuma ya toshe kafireta.

Boxer da Jincheng da Haojue ba motocin tsere ba ne. Matsin injinsu bai kai na buƙatar wani ƙari ba, fetur na gidan mai ya ishe su. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori da dabarun rage shan mai sama da 100, ba ta samu wanda ya kawo ragi na a zo a gani ba. Amma a nan kwalba ba adireshi, ba sunan kamfani, tana yawo kasuwa-kasuwa, hukumomin da ke kula da ingancin kaya ko ƙyallinsu ba ka gani.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu canza fulogi su bar man a tanki. Malam, sabon ma haka zai koma. Ka sayi na biyu, ka sayi na uku, duk haka za su koma, tunda abin da ke kashe su yana nan kwance a tanki. A juye man gaba ɗaya, a wanke kafireta, sannan a sa sabon fulogi mai lambar da kamfanin ya rubuta, tazarar bakinsa ta zama daidai; ƙananan babura da yawa milimita 0.6 zuwa 0.7 suke so. Kuma a daina ƙona fulogi a wuta ko goge shi a kan kwalta. Jan dattin nan wuta ba ta cinye shi, tangaran kawai za ka tsaga.

In babur na shan mai, duba iya-kilina tukuna, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta, sai iskar taya da sarƙa. Fulogi mai baƙi da maiƙo kuwa alamar ringi ne ya ci, baƙin mai na haurawa sama, kuma babu kwalbar da ke gyara wannan sai an buɗe inji. Wanda zai sha man bumburutu a hanya ya shinshina kafin a zuba, domin wanda aka gauraya da kalanzir yana baƙanta fulogi ko ba kafur.