Darasi na Sha Ɗaya: Ina Za a Samo Likita Mace?

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutane a ƙasar Hausa, wai karatun 'ya mace a ɗakin miji yake ƙarewa. Ba kowa ne ya yarda da ita ba. Amma yarinyar da ta tashi tana jin ta, kafin ta gama sakandare ta riga ta rage wa kanta buri. Idan aka tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da suke so su zama, namiji yakan ce injiniya ko lauya, kai tsaye. Mace kuwa sau da yawa sai ta sunkuyar da kai ta ce malama, sannan ta ƙara da cewa, "in an bar ni."

Hukuma ma ta taɓa bin wannan sahu. A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare biyu na kimiyya, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, domin jiha ta sami likitoci da injiniyoyi nata na kanta. Duka biyun na maza ne. Sai a 1981 aka buɗe ta mata a Taura, garin da yake cikin Jihar Jigawa tun 1991.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne wannan. Magidanci zai kai matarsa asibiti haihuwa, ya rantse ba namijin da zai duba ta, sai likita mace. To, madalla. Amma wannan magidancin ne, idan 'yarsa ta ci jarrabawa ta ce tana so ta karanta likitanci, zai ce shekara shida a jami'a sun yi yawa, sa'anninta duk sun yi aure. Likitar da yake nema kuwa ai 'yar wani ce, wanda ya daure wa surutun dangi ya bar ta ta yi shekara shidan nan. Hausawa dai sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Samari su ma ba su tsira ba. Wanda ya ce aikin jinya yake so, abokansa sukan yi masa ba'a har ya canza shawara.

Tambayoyi

1. Me ake nufi da "in an bar ni"? Wa zai bar ta?
2. Yi amfani da karin maganar zomo a cikin jimla taka ta kanka.
3. A ƙasarku, wane fannin karatu ake ce wa "na mata"?