Rabon Gaɓa da Ƙarfin Furuci a Harɗaɗɗun Kalmomin Holanci

Gabatarwa

Holanci harshe ne da ake magana da shi a Holan da arewacin Beljiyom da Suriname. Masu harshen kan haɗa kalmomi biyu ko fiye su rubuta su a manne. Wannan muƙala za ta nuna cewa duk da wannan mannewa, kowace kalma tana riƙe da iyakarta wajen furuci.

Rabon Gaɓa

A kalma guda, baƙin da ya zo kafin wasali yakan bi wasalin su tayar da gaɓa. Misali, jam'in tand (haƙori) shi ne tanden, ana raba shi tan-den. Amma idan aka haɗa tand da arts (likita) aka sami tandarts (likitan haƙori), rabon a rubuce shi ne tand-arts. A Holanci /d/ yakan rasa zizarsa a ƙarshen gaɓa ya koma /t/. Don haka ake jin /d/ a tanden, ake kuma jin /t/ a tand. Masanin harshe Geert Booij ya tattauna irin wannan a littafinsa na 1995 kan tsarin sautin Holanci.

Kuskuren rabo na iya sauya ma'ana baki ɗaya:

massage-bed: gadon tausa
massa-gebed: addu'ar taron jama'a

Duka biyun massagebed ake rubutawa. Inda kuwa wasula suka yi karo, gyaran ƙa'idojin rubutu na 1995 ya tanadi karan ɗori, kamar a auto-ongeluk (hatsarin mota).

Ƙarfin Furuci

Aikin da karin sauti yake yi a Hausa wajen bambanta ma'ana, ƙarfin furuci ne yake yin sa a Holanci, wato a danna gaɓa ɗaya fiye da sauran. A harɗaɗɗen suna, galibi ƙarfin yana kan kalmar farko. An nuna shi da manyan haruffa:

KLEINkind: jika
klein KIND: ƙaramin yaro

Na farko harɗaɗɗen suna ne, na biyu kuwa sifa ce da suna. Haka ma a aikatau, VOORkomen na nufin aukuwa, voorKOmen kuma hana aukuwa. Sai dai akwai togaciya, irin su stadHUIS (ofishin hukumar birni).

Kammalawa

Saboda haka, duk ɗalibin da ya ci karo da doguwar kalmar Holanci, ya fara gano inda aka yi mahaɗa. Da zarar ya gano ta, rabon gaɓa da mazaunin ƙarfin furuci za su zo masa cikin sauƙi.