Ɗana Ya Ƙi Karanta Magana Jari Ce

TAMBAYA: Ɗana yana da shekara tara, yana aji huɗu a makarantar kuɗi. Na saya masa Magana Jari Ce, littafin da muka riƙa wawaso a kansa muna yara, amma ko shafi biyu bai kai ba ya ajiye, ya koma kan wayata. Zamanin irin waɗannan littattafai ya wuce ne, ko kuwa in matsa masa? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Hajiya, kafin ki yanke wa littafin hukunci, ki fara gwada yaron. Buɗe masa shafi ɗaya, ki ce ya karanta da ƙarfi. Idan kika ji yana cije-cije, yana kiran ƙofa kofa, ya iso kan ɗ ko ɓ ya tsaya yana kallonki, to ba labarin ya ƙi ba, karatun Hausar ne bai zauna masa ba. Makarantun kuɗi da yawa da Turanci suke fara wa yaro, wasu ma har tara suke ci idan ya yi Hausa a aji. Mu kuwa mun bi ta kan Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu kafin mu iso gun Magana Jari Ce. Wanda ke kokawa da kowace kalma ba zai ji daɗin labari ba, komai zaƙinsa.

Don haka ke za ki fara karanta masa. Littafin ma da kansa haka aka gina shi. Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya, ya fara fitowa a 1937, kuma a littafi na ɗaya aku ne ke ta jero wa Musa ɗan sarki labari bayan labari, don ya ɗauke masa hankali kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon Waziri. Ki ari dabarar akun. Bayan sallar isha'i, ki zaɓi gajere mai ban dariya, irin na Kalala da Kalalatu, ki canza murya idan mai magana ya canza, ki tsaya daidai inda ya fi daɗi, ki rufe, ki bar littafin a inda hannunsa zai kai. Kada ki tsare shi da "me ka koya?" Wannan tambayar ta kori yara da yawa daga littafi. In ya tambayi mene ne zagi ko dogari, ki gaya masa, ku wuce.

Sai dai ba kowane tsohon littafi ne na yaro ba. Gasar rubutun littattafan Hausa da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi, amma ba don 'yan shekara tara kaɗai aka yi su ba. Ruwan Bagaja zai karɓe shi yanzu, domin sharrin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna a cikinsa ko babba sai ya dara. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ma haka, ga yaro mai son jarumta. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, gara ya jira sakandare. Dare Dubu Da Ɗaya, ki ɗora shi can saman durowa tukuna.

Batun matsawa, a'a. Ranar da littafi ya zama horo, waya ta gama cin nasara. Kuma kada ki raina abin da ya zaɓa da kansa, ko da littafin zane ne ko labarin 'yan ƙwallo. Karatu ne, kuma shi ke saba wa ido da shafi. Wayar ma kada ki mai da ita ladar gama babi. Ki dai ware lokacin da ba mai taɓa ta a ɗakin, har ke kanki, ko da minti ashirin ne. Idan akwai ƙanne ko 'ya'yan maƙwabta, ki tara su, bayan makonni kaɗan ki miƙa masa littafin ya karanta musu sakin layi ɗaya, ke ki ɗora daga inda ya tsaya.