Darasin Kiwo: Ɗan Tsakon Siliki Mai Ƙiwa

Kazar siliki ƙaramar kaza ce mai gashi laushi kamar auduga. Asalinta daga ƙasar Sin ne. Tun a ƙarni na 13 matafiyin nan Marko Polo ya ba da labarin kaji masu gashi irin na kyanwa a wannan ƙasa. Fatarta da ƙashinta baƙaƙe ne, kuma yatsu 5 gare ta a kowace ƙafa, ba 4 ba kamar kajinmu na gida.

Ba ta da yawan ƙwai, wajen 3 take yi a mako. Amma gwana ce wajen kwanci, har ƙwan zabi takan kwanta a kai kwana 26 zuwa 28 ta ƙyanƙyashe. Ta fi kazar gida tsada sosai. Saboda haka mutuwar ɗan tsako ɗaya babbar hasara ce ga iyali.

Halinsu

Siliki kaza ce mai sanyin hali, ba ta da faɗa. Amma 'yan tsakinta da yawa suna da ƙiwa, kamar yaron da ba ya yarda da baƙo. Da ka miƙa hannu sai su ruga lungu su cure wuri ɗaya. Akwai dalilai:

- Kowane ɗan tsako yana tsoron abin da ya sauko daga sama, domin ta nan shaho da shirwa suke zuwa. Hannunka ma haka yake gare shi.
- Siliki ba ta iya tashi, domin gashinta ba ya kama iska. Dabararta ita ce ɓuya.
- Yayin da suke girma, tukkun da ke kansu yakan rufe musu ido. Ba sa ganin abu sai ya zo kusa, sai su firgita.
- Ba su kai sauran 'yan tsaki saurin girma ba. Idan an haɗa su, manya sukan ture su daga abinci.

Ƙiwa ba cuta ba ce. Haɗarinta shi ne mai ƙiwa yakan tsaya baya har abinci ya ƙare. Kullum yana ramewa, mai shi kuwa yana cewa halinsa ne.

Ƙiwa ce ko ciwo?

Ka zuba abinci, ka ja da baya, ka zauna shiru na minti 10.

Mai ƙiwa zai leƙo, ya fito, ya ci, ya sha. Idonsa a buɗe yake tar, yana gudu da ƙarfi. Da yamma in ka taɓa maƙoƙonsa za ka ji shi cike.

Marar lafiya ba ya fitowa ko ba kowa a wurin. Yakan tsaya ido a rufe, fukafukai a sake. Wani lokaci kashi yakan manne masa a baya, ko a ga jini a kashin. Ba ya ma gudu idan an kama shi. Kada ka ce ya saba da kai. Ka ware shi nan da nan, ka sa shi wuri mai ɗumi, ka nemi malamin dabbobi.

Idan dukansu sun cure suna kuka da ƙarfi, sanyi suke ji. A makon farko suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, ana rage wajen digiri 3 kowane mako. Idan ba uwa, a sa fitila ko tukunyar garwashi inda ba za su taɓa ba, a bar iska tana shiga.

Yadda za su saba da kai

1. Ka fara tun makon farko. Sabon ƙuruciya ya fi kamawa.
2. Ka yi magana a hankali kafin ka buɗe akurki. Ka riƙa yin kira iri ɗaya duk lokacin ba da abinci.
3. Ka durƙusa, ka kawo hannu ta gefe, ƙasa ƙasa. Ka sa ɗan abinci a tafin hannu ka jira su zo da kansu.
4. In za ka ɗauka, ka tallafe shi ta ƙasa da hannu biyu. Minti kaɗan a rana ya isa.
5. Ka kula da kansu. Waɗansu ana ƙyanƙyashe su da ƙulli a tsakar ka, inda ƙashi bai rufe sosai ba. Sara ɗaya a nan na iya kashe su.
6. Ka ajiye mazubin abinci biyu da na ruwa biyu, nesa da juna, domin mai ƙiwa ya sami wuri. A sa tsakuwa a cikin ruwan, gama gashinsu yana jiƙewa da sauri kuma sanyi ya kama su.
7. Kada a bar ɗaya shi kaɗai. A haɗa shi da tsaransa masu sanyin hali.
8. Idan tukku ya rufe ido, a rage shi kaɗan da almakashi.

Yara suna son waɗannan 'yan tsaki. A koya musu su zauna ƙasa kafin su riƙe, kada su bi su da gudu, kuma su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa su.

Wani zai saba cikin 'yan kwanaki, wani sai ya yi makonni. Wani kuma har ya girma ba ya son a ɗauke shi. Muddin yana ci yana girma, a ƙyale shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi don tattaunawa

- Wa yake kula da 'yan tsaki a gidajenmu? Yana da lokacin zama ya lura da su?
- Mun taɓa rasa ɗan tsako da muka ɗauka tsoro ne kawai yake ji? Waɗanne alamu muka gani?
- Waɗanne daga cikin matakan nan za mu gwada a kan 'yan tsakin gida da na zabi a wannan mako?